A-Taimaka da Ƙullin Inna

Gara in faɗa tun da fari, don kada wani ya wahalar da kanshi yana neman wawan labarin nan: ni ne. Ba taubashina Dogo ba ne, ko da yake na yi shekaru ina ɗora mashi laifin. Ba kuma duwatsun Adar ba ne, waɗanda tun kafin a haifi kakana suke zaune inda Allah ya aje su, ba su taɓa zuwa gidan kowa sun ce ya sake mota ba. Ni ne, da hulata, da ɗan Faransancin da na tsinto a lakkol, makarantar boko, kafin mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, munka rabu kowa yana gode ma Allah. Ilimin nan bai kai ya ba ni aikin biro, irin na ofis, ba, amma ya isa ya hana ni jin maganar mutane, kuma wanda ya san irin wannan ilimin ya san ya fi jahilci tsada.

Abin da ya sosa mani tsohon mikin shi ne, kwanan baya na bi ta kan tudun garinmu, daidai inda hanya ke gangarawa fadama, na tarar an kafa rumfar kwano. Ana sa ma salula, wayar hannu, wuta a ciki, ana sayar da esansi, man mota, a kwalabe a waje, moto kuwa, wato babura, sun yi layi kamar jakai ranar kasuwa. Ina tsaye wani ya fito, ya ɗora ƙafa, ya taɓa wani ɗan abu da babban yatsa, moto ta yi kuka, ya ɓace. Bai kira kowa ba, kowa bai ɗaga kai ba. Na ce a raina, to, duniya ta kai inda mutum ke tashi ba tare da ya roƙi kowa ba, abin da na yi ta fata ke nan ina saurayi, ga shi na gani da idona, kuma bai yi mani daɗi ba. Wurin da rumfar nan take, nan ne makwancin motata. Ni ne mutum na farko da ya kawo mota ta kwana a garinmu, kuma ina roƙon a rubuta wannan a gefe, don shi kaɗai ne abin kirkin da za a ji game da ni a nan.

Kat-san-kat ce, bashe, irin mai rumfar tamfol a baya da benci biyu na katako. Da kuɗin sayenta na dawo daga Abijan, inda na yi shekaru ina yawo da agogo da tabarau a kan faifai ina ce ma kowa patron. Fara ce a takarda, a ido kuwa launin ƙasar duk inda ta bi. Tana hawa dutse kamar akuya, tana ɗaukar albasa da hatsi da tumaki da masu su, ba ta taɓa cewa ya isa ba. Aibinta guda ne: abin da ke tayar da ita, wanda makanisai ke ce ma demarer, ya rasu tun kafin ta zo hannuna, kuma duk wanda na kai ma sai ya yi mashi addu'a ya mayar mani. Saboda haka ba ta tashi sai an tura. Da yamma in na dawo sai in hau da ita can ƙolin tudu, in juya hancinta ya dubi fadama, in tokare ƙafarta da wani baƙin dutse mai kamar kan rago. Da safe, lokacin da tabarya ke amsa ma tabarya daga gida zuwa gida, zakaru sun gaji sun yi shiru, mata na dawowa daga rijiya da tuluna, sai in fito in tsaya in yi gyaran murya in ce, “Jama'a, a taimaka.” Daga nan ta samu sunanta. Ba wanda ya taɓa ce mata mota. A-Taimaka ce, ni kuma Mai A-Taimaka.

Har yanzu in na rufe ido ina jin abin. A janye dutse, maza su jingina kafaɗa, wani ya ja baki da salati, tayoyi su fara taka tsakuwa a hankali, ƙaras, ƙaras, sannan da sauri. In saki ƙafa, ta yi tari, ta yi shiru kamar mai shawara, ta sake tari, sai ta ɗauka da wata irin murya mai kauri da ake ji har gonakin bayan gari. Sai ihu, sai gudu, kowa na kama ƙarfe yana ɗanewa. Akwai doka, ba ni na kafa ta ba, kuma ba a taɓa zama an yanke ta ba: wanda ya tura ya hau, ba a tambayarshi komi. Tsofaffin da ba su da ƙarfin turi sai su ɗora tafin hannu kawai a jikin tamfol, a lissafa su cikin masu turi. Mata kan aiko da hura a ƙwarya, ita ce nasu turin. Wani dattijo makwabcinmu, wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba amma kullum sai ya fito ya ɗora hannu, yakan ce mani, “Ɗana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Motarka ta san wannan, saura kai.” Ni kuwa in yi dariya irin ta wanda ya je lakkol.

Sannu a hankali na zama masanin gangare. Wasu sun san ƙasar nan da rijiyoyinta, wasu da kasuwanninta, ni da tudunta na san ta. Daga Buza har Keita, daga Sabon Gida har bakin gudron, hanyar kwalta, ba garin da ban san inda zan tsaya in bar hanci ƙasa ba. In anka gayyace ni suna ko ɗaurin aure, kafin in tambayi ɗiyar wa, sai in tambaya ko ƙofar gidan na da gangare. Wurin da ya fi ci mani rai shi ne tashar Madawa, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. Can ne wata ranar kasuwa, ina tsaye ina rabon “a taimaka” ga mutanen da ba su san ni ba, wani da munka zauna benci ɗaya a lakkol, wanda shi ya jure ma mushe har ya zama ma'aikaci, ya zo ya buɗe wata baƙar berlin, ƙaramar mota mai kujerun soso, ya zauna, ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Ya sauke gilashi ya gaishe ni da kyau, har ya tambayi mutanen gida, ya ce ko in kira mashi wasu su kama mani. Wallahi da alheri ya faɗa. Amma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Tun daga ranar, duk safiyar da na ce “a taimaka” sai in ji kamar bara nake.

A cikin wannan hali ne saƙo ya zo ma Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi ga matan da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban idona, ba ta tambayata abu baki da baki. In tana son in ji magana sai ta faɗa ma bango, ko ta faɗa ma mai ɗakina alhali ina zaune taku biyu daga gare ta: “A ce ma wancan rumbu na yoyo.” Yaran yanzu da ke kiran uwayensu a salula suna gardama da su ba za su gane ba. Kunya ce, kuma so ne, irin wanda ba ya fitowa ta baki. Inna mutuniyar wajen Ibohamane ce, aure ya kawo ta kan dutsenmu. Uwarsu ta rasu tana ƙarama, yayarta ce ta goye ta, ta yaye ta, ta yi mata kitso har ranar da anka ɗauko ta. Yaya kawai take ce mata, mu ma Yaya muke cewa. Da ƙafafunsu na da ƙarfi sukan kai ma juna ziyara a kan jaki, amma tsufa ya zo ya zauna tsakaninsu, shekaru sunka wuce ba su ga juna ba. Sai ga wani mai sayen awaki ya biyo da saƙo cikin bazara: Yaya na kwance, jiki ya ƙi, kuma tana cewa a gaya ma ƙanwarta ta zo su gana.

Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko sabon zanen da na kawo mata daga Abijan, wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta naɗe shi. Ta haɗa da daddawar batso da ta yi da hannunta, don Yaya na son miyarta, da garin kuka, da ɗan goro. Ta ƙulle duka a tsumma ta aje a bakin zaure, daidai inda dole in ɗaga ƙafa in tsallake in zan fita. Sannan ta ce ma mai ɗakina, da muryar da za ta kai kunnena, “In mai mota zai yi wajen arewa, akwai kaya da mai kaya.”

Tafiyar wuni ɗaya ce, a je a kwana a dawo. Esansi akwai. Hanya a bushe take, ruwa bai sauka ba balle koramu su tare. Ba abin da ya hana ni sai abu ɗaya, kuma yau da furfurata zan faɗe shi: gidan su Yaya a cikin kwari yake, a kan rairayi, ba gangare ko na taki ɗaya. Na san wurin. Na hango kaina a ƙofar gidan kawunnaina, mutanen da tun ina yaro nake jin ana cewa sun yi ma Inna dariya da ta auri mai jaki ɗaya a kan dutse, na hango ni ɗan nata, wanda ya je Abijan, na gama gaisuwa na fito, sannan in juya in dube su da rawunansu in ce, “Jama'a, a taimaka.” Na ce ina, ba za a yi haka da ni ba. Uwata za ta shiga garinsu a kujerar soso, in murɗa makulli a gaban kowa. Har na ɗauki abin a matsayin girmama ta. Kun ji aikin rabin ilimi: shi ne ke ɗinka ma girman kai riga ya kira shi biyayya.

Mai ɗakina ta yi magana, na ce mata harkar mota ba ta mata ba ce. Liman ya tare ni bayan sallar la'asar ya yi mani zancen mai jinya da ba ya jiran kowa, na ce in sha Allahu cikin kwanakin nan. Dattijon nan mai ɗora hannu ya ce ya ji an ce akwai tafiya arewa, shi ma yana so ya tura. Ƙullin na nan bakin zaure. Daddawar batso kuwa ba ta iya ɓoye kanta, balle cikin zafin bazara. Duk wanda ya shigo gidan sai warinta ya gaishe shi, ya dubi ƙullin, ya dube ni. Da safe in tsallake shi, da yamma in tsallake shi. Inna kuwa kullum takan zo ta gyara mashi zama, ta kakkaɓe ƙasar da ta hau.

Na sayar da A-Taimaka ga Dogo, taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya karɓi makulli ya jujjuya shi ya ce wannan na ado ne ko, ya ce in ba shi dutsen, shi ne makullin gaskiya. Na haɗa abin da na samu da ɗan abin da ke hannuna na sayi berlin a Madawa wajen wani ma'aikaci da anka yi ma canjin wurin aiki. Shuɗiya, da rediyo mai cin kaset, da wani ƙamshi a ciki kamar na kantin magani. A kan gudron ta yi tafiya kamar ana zuba mai a faranti. Na murɗa makulli na kashe, na sake murɗawa, ba don komi ba sai don in ji. Mutumin ya tambaye ni inda zan riƙa bi da ita, da na faɗa mashi sunan garinmu sai ya shafa haɓa, amma ni na ɗauka baƙin cikin rabuwa ne. Na sauka daga gudron na kama hanyar gida. A-Taimaka doguwar ƙafa gare ta, duwatsun hanyarmu ta ƙarƙashinta suke wucewa ba ta san da su ba, ni ma shi ya sa na manta da su. Berlin kuwa cikinta a ƙasa yake kamar na agwagwa. Ban kai rabin hanya ba na ji wani ƙara daga ƙasa, irin wanda ake ji a haƙori. Na fito na duƙa, na ga baƙin mai yana bin tsakuwa yana neman gangare, shi ma. Shanu biyu sunka ja ta zuwa garaji a Madawa, ni kuma na shiga garinmu a kan amalanken jaki, da makulli a aljihu.

Makanise ya ce abin da ya fashe sai an aiko da shi daga Najeriya. Na shiga zaryar Madawa, yau gobe, yau gobe. Dogo kuwa kullum da safe ina jin muryarshi daga kan tudu yana cewa a taimaka, har da kwaikwayon gyaran muryata, ina jin tarin nan da na sani, ina kwance ina juyi. Wata rana ya same ni a zaure, ya tsallake ƙullin kamar yadda nake yi, ya zauna. Ya fara da tsiya yadda ya saba, ya ce yaya jikin amaryata berlin, an ce tana kwance lopital, wato asibiti. Da ya gama sai ya sauke murya.

“Gobe ba ni da lodi. Kawo Inna in kai ta, kai ka zauna gaba ka yi patron, ni in yi roƙon turin.”

Na ce mashi na gode, amma uwata ba za ta je garinsu a motar aro ba, saura kaɗan tawa ta fito. Ya dube ni, kuma ranar ce kaɗai na ga Dogo ya rasa abin tsokana. Ya tashi ya fita. Inna na bayan zana tana tsince wake, na san ta ji, don na ji hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Wata rana da hantsi saƙon rasuwar Yaya ya zo, wani mai raƙumi ne ya kawo. Inna na daka a tsakar gida. Da anka faɗa mata ta yi salati, ta jingine tabarya a jikin turmi a hankali kamar kada ta ji ciwo, ta shiga ta ɗauko mayafi. Ta zo bakin zaure ta duƙa ta ɗauki ƙullin ta ɗora a kai. Ina tsaye a wurin. Ba ta ce a ce ma wancan komi ba. Ta wuce ni ta kama hanyar tudu da ƙafafunta masu ciwo, ni ina biye kamar ɗan akuya, har inda Dogo ke kwance a inuwar mota. Shi ba ɗanta na fari ba ne, ta kira sunanshi ta ce ya kai ta. Ya buɗe mata gaba ta zauna da ƙullin a cinya. Mutane sunka taru ba wanda ya kira su, ranar ba a ce a taimaka ba. Na janye dutsen da hannuna, na sa kafaɗa tare da kowa, na tura, na bi da gudu na ɗane baya, bisa dokar wanda ya tura ya hau.

Mun tarar an riga an kai ta. Inna ta shiga wajen mata, ni na zauna cikin maza ina amsa gaisuwar da ban cancanta ba. Ta cikin zana na ji wata tsohuwa na ba Inna labari, ba da nufin komi ba, irin yadda ake ba wanda bai samu ganawa ba: wai tun da anka gaya ma Yaya ɗan ƙanwarta na da mota, duk ƙarar da ta ji daga nesa, ko ta kamiyon ce, babbar motar masu albasa, sai ta ce a ɗaga ta zaune, a gyara mata kallabi. Ban ji abin da Inna ta amsa ba. Daga baya na ga an fito da daddawar an ba masu tuwon sadaka, zanen kuma ban san inda ya shiga ba, ban kuma taɓa samun bakin tambaya ba.

Washegari da za mu taso, ga A-Taimaka a kan rairayi, ba gangare. Abin da na sayar da mota don gudunshi ya zo. Kafin Dogo ya buɗe baki kawunnaina sun miƙe, sun tattare manyan riguna sun saɓa a kafaɗa, babbansu har yana gyara ma na kusa da shi wurin kamawa. Sunka tura ta cikin rairayi suna nishi, ta yi tari ta ɗauka, babban ya bugi tamfol ya ce Allah ya yi ma wannan mota albarka da ta kawo masu 'yar'uwarsu. Shi ke nan. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ga abin kunya, ko tsawon shan ruwa abin bai ɗauka ba.

Inna ta rayu shekaru bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko ga bango. Da ta zage ni sau ɗaya da na samu inda zan aje kayan. Berlin ta fito daga garaji ta sake komawa, ta sake fitowa, daga ƙarshe na bar ma makanise ita kaji sunka gaje ta. A-Taimaka ta yi ma Dogo aiki har ta tsufa a hannunshi, kuma ko da ta mutu ba ta bar aiki ba: ƙafafunta na baya suna nan ƙarƙashin wani amalanke da ke jido ruwa, in ya wuce nakan gane su. Ban sake mallakar mota ba. In na zauna cikin samari masu moto nakan ba su labarinta, in ƙara gishiri, in ce irinta ba a ƙara ƙerawa, in ce babban kuskuren rayuwata shi ne sayar da ita. Suna jin daɗin labarin, ni ma ina jin daɗinshi a haka, don a haka ciniki ne kawai ya ɓaci.

Ranar da na dawo daga ganin rumfar kwanon nan na zauna a tsakar gida ina ta wannan waƙar. Mai ɗakina na bakin murhu, ta tsufa ita ma, kunnenta ne kawai bai tsufa ba. Na ce mata mota ce ta kirki, aibinta ɗaya, ba ta tashi sai an tura, kuma da ba don wannan aibin ba da Inna ta ga Yaya.

Ba ta ko juyo ba, tana gyara itace a wuta.

“Malam, bar ɗora ma baiwar Allah. Ita in an tura ta tana tashi. Kai ne gari duka ya sa kafaɗa, har da liman, ba ka ko yi tari ba.”